Yadda ake shiga kogon dutse a fito lafiya

Duk wanda ya tashi a unguwar Birni ta Zinder ya san duwatsun nan da ke zaune a kan juna kamar da hannu aka ɗora su. Muna yara, da an tashi daga makarantar allo can muke nufa. Akwai wata tsaga tsakanin manyan duwatsu biyu da muke kutsawa. Da zarar ka shige ta, zafin Damagaram sai ya tsaya a waje, hayaniyar gari ta ɗauke ɗif, ba ka jin komai sai numfashinka da ɗan kukan jemagu daga sama. Abin da na ji a lokacin bai sake ni ba har yau da furfura ta fara fito mini. Shi ya sa in samari suka nuna mini hotunan da suka ɗauko daga wani rami suka sa a Facebook ko TikTok, ba na yi musu faɗa, na san abin da ya ja su. Yadda suke shigar ne ke damuna: silifa a ƙafa, fitilar salula a hannu, kuma ko mutum ɗaya a gida bai san inda suka nufa ba.

Kogo ba ya hana kowa shiga, fitar ita ce aikin, don haka duk shirin da zan zayyana daga fitar yake farawa. A watan Yunin 2018 yara goma sha biyu ƴan ƙwallo da kocinsu suka shiga kogon Tam Luwang a ƙasar Tailan, ruwan damina ya rufe musu hanya. Kwana tara aka yi kafin a gano su, kuma sai ranar 10 ga Yuli aka gama fito da su, bayan dubban mutane daga ƙasashe daban-daban sun sa hannu, wani tsohon sojan ruwa mai suna Saman Kunan ya rasa ransa a aikin. A 2014, a kogon Risendin na Jamus, mutum sama da 700 suka yi kwana goma sha ɗaya suna fito da mutum ɗaya tak. Kai da ka shiga dutse a bayan Mirya ko a hanyar Gure, kada ka sa rai da irin wannan taron. Masu cetonka su ne waɗanda ka tafi da su, sai kuma mutanen ƙauyen da ke kusa.

Ka fara sanin irin ramin

Duwatsun Zinder giranit ne. Tun suna binne ruwa ya bi tsagoginsu ya cinye gefuna, daga baya ruwan sama da iska suka kwashe ƙasar da ke rufe da su, aka bar manyan ƙwallayen nan a tsibe. Kogunanmu yawanci giɓin da ke tsakanin waɗannan ƙwallaye ne. Sun sha bamban da kogunan da ruwa ya narkar a cikin dutsen farar ƙasa, irin kogon Mamot na Amurka da tsawon hanyoyinsa ya haura kilomita 600, ko Beriyobkina da ke duwatsun Kokasus mai zurfin fiye da mita 2,200. Namu gajeru ne, sau da yawa taku talatin ya ƙure su. Gajartar nan ce ke sa mutane raina su, alhali suna da nasu sharrin: dutse na iya motsawa, hanyoyi na kama da juna, kuma da wuya ka sami wanda wata halitta ba ta riga ka zama a ciki ba. Can wajen Kutus, arewa da Gure, dutsen yashi ne, inda ake samun rumfunan dutse masu faɗin baki, amma shi kuma dutsen yana marmashewa a hannu.

Akwai ramukan da ban sa su a lissafin kogo ba sam: tsohuwar rijiya, ramin ɗibar ƙasa ko laka, da ramin haƙar zinari. Waɗannan hannun mutum ya tona su, babu abin da ke riƙe da su. A Nuwamban 2021 rami ya rufta da masu haƙar zinari a yankin Ɗan Isa na jihar Maraɗi, aƙalla mutum 18 suka rasu, kuma su neman abinci ya kai su. Don sha'awa kawai, kada ka leƙa ko bakin irinsu.

Mataki na farko: ka je ka yi gaisuwa

Matambayi ba ya ɓata. Kafin ranar shiga, ka yi tafiya guda ta musamman don tambaya kawai. Ka fara da mai gari, ka faɗa masa ko su wane ne ku da abin da ya kawo ku. Daga nan ka nemi makiyaya da maharba, domin su ne ke kwana da tashi da dutsen.

Wata rana a wani ƙauye gabas da Zinder muka sami wani dattijo maharbi yana gyaran tarko a inuwa. Bayan mun durƙusa mun gaisa na ce, "Baba, dutsen nan naku muka zo gani, in da hali."

Ya ce, "Ga shi nan, ƴaƴana, ba mai hana ku. Amma bakin da ke duban gabas kada ku kusance shi, zuma ce a ciki. Bara sai da ta kori awaki da mai kiwonsu har cikin gona. Na yamman kuma ku bi da sanda, akwai mai ja da ciki."

Bakin gabas ɗin shi ne wanda muka hango daga hanya muka ce ta nan za mu shiga, don ya fi faɗi da haske. Tun ranar ban sake shiga wani dutse ba sai na zauna da mutanen wurin.

Ka tambaye su me ke zaune a ciki, ko ruwa na bi ta nan da damina, ko kogon na da wata ƙofar, ko an taɓa rasa dabba ko mutum a wurin. Ka kuma tambaya ko wuri ne da suke girmamawa. Akwai duwatsun da ke da kaburbura a gindinsu, akwai waɗanda mutanen gari ke da tsohon tarihi ko tsoro a kansu. Ko me kake gani game da hakan, in sun ce a bari, a bari. Sannan in tafiyar mai nisa ce, kamar arewacin Tanut ko wajen Tarmit, ka bincika halin tsaron hanya a wurin hukuma kafin ka ɗaura kaya, ka kuma sanar da jandarmomin yankin.

Mataki na biyu: lokaci

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin ɗari, shi ne lokacin wannan sha'awar. Daga Yuni zuwa Satumba ka manta da ita gaba ɗaya. Ba sai an yi ruwa a kanka ba: hadari na iya zuba can nesa, korama ta kawo shi, ramin da ka sani busasshe ya cika kafin ka gama juyawa. Ruwa kuma yana kwance ƙasar da ke tallafe da duwatsu. Kowa ya san hadisin nan na Bukhari da Muslim na mutum uku da suka fake a kogo, dutse ya gangaro ya toshe musu ƙofa, suka yi ta roƙon Allah da kyawawan ayyukansu har ya buɗe. Malamai na karanta mana shi don darasin ikhlasi, ni kuma duk lokacin da na tsaya a gaban tsibin duwatsu sai in tuna cewa dutse na gangarowa da gaske.

Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, ƙishirwa kaɗai ta isa ta kayar da mutum kafin ya kai bakin kogon, kuma sanyin da kake nema a ciki shi macizai ma ke nema.

Ku shiga da hantsi, ku sa wa kanku lokacin fita tun kuna waje. In kun ba kanku awa uku, da awa ɗaya ta cika ku juya, saboda dawowa kan fi tafiya cin lokaci: an gaji, an ƙoshi da kallo, hankali ya fara raguwa.

Mataki na uku: da wa za ka, wa ka bari a gida

Mutum huɗu ne mafi ƙaranci. In ɗaya ya ji ciwo, ɗaya ya zauna da shi, biyu su tafi neman taimako, babu wanda aka bari shi kaɗai. In kun kai biyar, na biyar ya zauna a bakin kogo da salula da ruwa. Kada ku wuce shida, taro a matsattsen wuri turereniya ne.

Ka zaɓi abokan tafiya da halinsu. Mai yi wa mutane dariya in sun ji tsoro, ka bar shi a gida ko da ya fi kowa ƙarfi, domin shi ne zai sa wani ya kutsa inda zuciyarsa ta ƙi. Ku yi alkawari tun a hanya: duk wanda ya ce a koma, an koma, ba a tambayarsa dalili. Mai ciwon asma, mai farfaɗiya, mai ciwon zuciya da mace mai ciki su tsaya a inuwar bakin dutse. Yara ƙanana kuma ba da su ba.

Yanzu abin da ya fi duk kayan da za ka saya muhimmanci, kuma ko dala ba ya ci. Ka sami babban mutum mai hankali a gida, yayanka ko kawunka, ka ba shi takarda a rubuce: sunan ƙauyen, sunan da mutanen wurin ke kiran dutsen, ta wace ƙofa za ku shiga, sunayenku da lambobinku, lambar mai gari ko wani a ƙauyen, da irin babur ko motar da kuka hau. Ka ce masa, "Yaya, in an yi la'asar ba ka ji ni ba, ka kira ni. In ba ta shiga ba, ka kira mutumin ƙauyen. In an kira magariba shiru, ka kira ƴan kashe gobara a lamba 18, ku taho da mutane." Kada ka dogara da salularka a ciki, dutse na tare rezo da ka yi ƴan taku kaɗan.

Mataki na huɗu: kaya

Fitila uku ga kowane mutum, ba uku ga ƙungiya ba. Babbar ita ce cocilar goshi, irin wadda ake samu a kasuwa, don hannuwanka biyu su zama a sake. Ta biyu cocilar hannu mai igiya a wuya, ta uku ƴar ƙarama a aljihun da ke da zif. Kowace da sabon batir, da wani na ajiya a ƙulle cikin leda. Fitilar salula ba ta cikin ukun nan. Duhun kogo ba irin na daren da aka ɗauke wuta ba ne, inda ido ke sabawa bayan ɗan lokaci. A can ko ka shekara ba za ka ga tafin hannunka ba.

Hular kwano ta magina, mai maɗauri a haɓa. Ta babur ta yi nauyi, tana toshe kunne, tana hana ka ɗaga kai. Takalmi mai rufe idon sawu mai ƙasan roba, da safa mai kauri. Dogon wando mai ƙarfi da riga mai dogon hannu wadda ba ta da yalwa. Babbar riga da jallabiya suna maƙalewa a dutse. Safar hannu ta aiki. Takunkumi mai kama fuska sosai, irin wanda likitoci ke kira N95, domin na yadi ƙura na ratsa shi. Sanda mai tsawon kafaɗa. Usur. Ruwa aƙalla lita uku kowa, da dabino ko ƙuli-ƙuli. Ƴar jaka da bandeji, auduga, sabulu, farasitamol da gishirin nan na zawo da ake haɗawa da ruwa. In babu, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Igiya kuwa, a nan nake da tsauri. Igiyar guga da ta leda da ake ɗaure kaya ba a rataya rai a kansu. Sauka cikin rami a tsaye sana'a ce mai kayanta da malamanta, ana koyonta a fili da rana kafin a kai ta duhu. Wanda ya zame da igiya a hannu ya sauka mita biyar, zai tarar hannun da ya saukar da shi ba zai iya hawar da shi ba. Duk inda ba za ka iya sauka ka hawo da ƙafa da hannu cikin natsuwa ba, nan ne ƙarshen tafiyarka.

Mataki na biyar: a bakin kogo, ka zauna

Kada ka iso ka faɗa. Ku zauna gefe minti goma, ku yi shiru, ku duba. Ƙudan zuma na shiga da fita ta wata tsaga? Ku tashi a hankali ku bar wurin, babu shawara. Ku dubi ƙasa: sawun ja da ciki, saɓar maciji, ƙayar beguwa, sabon kashin dabba, ƙasusuwa. Ku shaƙi iskar wurin, warin da ke hawa kai yana sa ido hawaye alamar jemagu ne masu yawa. Ku ɗaga kai ku dubi rufin. Dutsen da ya daɗe a zaune launinsa ya dafe. In ka ga gefe mai sabon launi, ko ɓaraguzai a ƙasa da ƙura ba ta hau su ba, wani abu ya faɗo kwanan nan, kuma saura na nan tafe. Babban dutsen da wani ɗan ƙarami ya tokare, kada ka bi ta ƙarƙashinsa, kada ka taɓa ƙaramin.

Kada a hura wuta a bakin kogo ko a cikinsa, ko don shayi, ko don korar abin da ke ciki. Kogo na zuƙar hayaƙi, hayaƙi kuma na kashe mutum a rufaffen wuri tun bai ankara ba. Haka nan taba.

Kafin mu shiga mukan karanta addu'ar da ta zo a Sahihu Muslim ga wanda ya sauka a wani wuri: A'uzu bi kalimatillahit tammati min sharri ma khalaƙ. Sannan kowa ya kunna fitilunsa uku a gaban kowa, a gani.

Mataki na shida: tafiya a ciki

Wanda ya fi sanin wurin a gaba, na biyunsa a sani a baya, sababbi a tsakiya. Kowa na ganin fitilar na gabansa. Sanda ta riga ƙafa, fitila ta riga hannu: kada ka cusa yatsu a tsagar da ba ka haska ba, kada ka zauna a inda ba ka duba ba. Kububuwa ƙarama ce, launinta na ƙasa, kuma tana da saurin sara. In ka ji wani sauti kamar ana goga busassun ganye, jikinta take gogawa, gargaɗi ne, ka tsaya cak ka ja da baya ta inda ka fito. Kasa ita ko motsi ba ta yi sai an taka ta.

A gangare, mutum ɗaya a lokaci guda, saura su kauce daga ƙasansa. In dutse ya kuɓuce, ka yi ihu "dutse!", na ƙasa ya sunkuyar da kai ya manne da bango, kada ya ɗaga ido ya duba. Ba a tsalle a kogo, ko taku ɗaya ne.

Duk inda hanya ta rabu, ku tsaya ku waiwaya. Hanyar da ka bi tana da wata fuska daban in ka juyo, kuma wannan fuskar ce za ka nema in za ka fita. Ku ajiye alama mai ɗaukuwa, kamar ƙyalle mai haske da tsakuwa a kansa, a gefen da ke kai wa waje, ku kwashe ta in kuna komawa. Ba fenti, ba gawayi.

Sai matsattsiyar hanya, wadda ita ce ta fi jan samari, ita ce kuma ta fi ba ni tsoro. A Nuwamban 2009 wani ɗalibin likitanci ɗan shekara 26, Jon Jons, ya kutsa wata siririyar hanya a kogon Nati Fati na jihar Yuta a Amurka, kansa a gaba, hanyar kuma ta karkata ƙasa. Ya maƙale kai ƙasa ƙafa sama. Masu ceto sun isa gare shi, sun yi magana da shi, sun ɗaura masa igiya, amma bayan fiye da yini guda ya cika a wurin. Ko gawarsa ba a iya fitarwa ba, aka toshe kogon da siminti. Jikin mutum ba ya jure zama kai ƙasa, jini na taruwa a kai, numfashi na yin nauyi. Don haka ramin da ya gangara, ƙafa ake fara sawa, domin in ya ƙi ka iya turo kanka sama. Wanda ba ka ga inda ya ɓulle ba, ka bar shi. Wanda sai ka fitar da numfashi kafin ƙirjinka ya wuce, ka bar shi. Ka kwashe abin da ke aljihunka, ka cire bel, ka tura jaka a gaba.

Na taɓa ganin abokina ya maƙale a ƙirji tsakanin duwatsu biyu, a wurin da mu uku muka riga muka wuce. Da ya ji ya kamu sai ya fara kokawa, ƙirji ya ƙara buɗewa, dutse ya ƙara kama shi. Na kwanta kusa da kansa na riƙe hannunsa, na ce, "Ɗan'uwa, dube ni. Ta nan ka shigo, ta nan za ka koma. Bari motsi, mu yi salati." Sai da numfashinsa ya daidaita, sannan muka ce ya fitar da iska duka, na baya suka ja ƙafafunsa kaɗan, ya huta, aka sake. Kusan awa guda muka yi a kan abin da bai kai kamu biyu ba. Wanda ya maƙale baya ake mayar da shi, a hankali, ba a fizga, ba a kuma ƙoƙarin fasa ko ɗaga dutsen da ke kansa.

Iska da jemagu

Masu haƙar rijiya a ƙasar nan sun riga masu littafi sanin wannan: akwai ramin da iskarsa ta mutu. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari oksijin ce. A rami mai zurfi da iska ba ta ratsawa, musamman inda ganye ko kashin dabba ke ruɓewa, iskar kabon-dayoksaid kan taru, kuma da yake ta fi iska nauyi, ƙasa take kwanciya, ba launi ba wari. Alamarta a jikinka take: haki ba tare da ka yi aiki ba, ciwon kai, bugun zuciya, jiri. In mutum ɗaya ya ji haka, kowa ya fita, a yi sama. In ashana ta ƙi kamawa ko ta mutu nan take, kun riga kun wuce inda ya kamata, amma kamawarta ba shaidar lafiyar iska ba ce, jikinka ya fi ta gaskiya. In kuma wani ya faɗi a ƙasan rami babu dalili, kada na biyu ya diro bayansa. Haka ake rasa mutum biyu da uku a rijiya ɗaya.

Jemage ba abokin gaba ba ne, ƙanana na cinye ƙwari, manya na yaɗa irin itatuwa. Gidansa ne dai bai dace da huhunka ba. A busasshen kashinsa wata funfuna kan tsiro, in ƙurar ta tashi aka shaƙa tana kawo cutar huhu da likitoci ke kira histofilasmosis, mai zazzaɓi da tari, wadda ke iya yin tsanani ga mai raunin garkuwar jiki. A gabashin Afirka an sami waɗanda suka kamu da cutar Marbug bayan shiga kogon jemagu: a kogon Kitum na Kenya a 1980 da 1987, da wata ƴar yawon buɗe ido daga Holan da ta rasu a 2008 bayan shiga wani kogo a Yuganda. Kogon da jemagu suka cika rufinsa, kallo daga waje ya isa. Inda suke kaɗan, takunkumi a fuska, kada a tayar da ƙura, kada a jefe su, kada a taɓa ko matacce. In jemage ya cije ka ko ya yakushe ka, ko ƙanƙanin ciwo ne, ka wanke da sabulu da ruwa minti goma sha biyar, ka nemi allurar haukan kare a ranar. Cutar nan in alamunta suka bayyana, magani ya ƙare.

In abu ya ɓaci

In kun ɓata, ku zauna wuri ɗaya, ku kashe fitilu a bar guda, ku sha ruwa, ku yi tunani. Mutum biyu su gwada hanya ɗaya zuwa inda murya ke kaiwa, su dawo. Busa usur sau uku a jere, a huta, a sake. A nan takardar da ka bari a gida take aikinta.

Saran maciji: a janye mutum daga wurin, a kwantar da shi, a cire zobe da agogo da takalmi kafin kumburi, a ɗaure gaɓar da sanda kamar karaya don kada ta motsa, a ɗauke shi, kada ya taka. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure da roba ko igiya tamau, kuma baƙin dutsen nan da ake mannawa ba ya zuƙe dafi. Kada a ba shi asfirin ko ibufurofen, domin dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi. Na san da yawa cikinmu wurin mai magani suke fara nufa, kuma ina girmama dattawanmu, amma allurar kashe dafi a asibiti take, kowace awa da aka ɓata a hanya ta mai ciwon ce. A nufi asibiti mafi kusa, su tura ku babban asibitin Zinder in ya fi ƙarfinsu. Kada wani ya tsaya farautar macijin. In maciji mai tofi ya fesa wa mutum a ido, a yi ta zuba ruwa mai yawa, kada ya murza.

Zuma in ta taso, a rufe fuska da riga a yi nisa da gudu ta hanya mai sarari, ba ta gefen gangare ba. A kankare ƙarin da wuri. Wanda fuskarsa ko maƙogwaronsa ya kumbura, ko numfashi ya yi masa wuya, asibiti nan take. Wanda ya faɗo yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, kada a naɗe shi a ɗauka sai in wurin zai kashe shi. A tsayar da jini da dannawa, a riƙe kansa daidai, a aika neman taimako.

Abin da ka tarar, ka bar shi

Wata rana za ka iya cin karo da abin da ya fi hoto daraja: kaskon tsohuwar tukunya, dutsen niƙa, zane a bango. A Birnin Kudu ta jihar Jigawa akwai zanen shanu a rumfunan dutse wanda mutanen zamanin da suka yi tun da daɗewa, a Dabus ta jihar Agadas akwai raƙuman dawan nan da aka sassaƙa a dutse dubban shekaru da suka wuce. Kogon Lasko na Faransa samari huɗu ne suka gano shi a 1940, amma zuwa 1963 dole aka rufe shi, saboda numfashi da ɗumin masu kallo kaɗai sun fara lalata zanen. Kada ka shafa, kada ka zuba ruwa don ya fito a hoto, kada ka rubuta sunanka a gefe, kada ka sa komai a aljihu. Ka ɗauki hoto, ka faɗa wa mai gari, ka kai labari ga malaman tarihi a Jami'ar André Salifou ta Zinder. Wurin kuma kada ka bayyana shi dalla-dalla a intanet. Leda da mataccen batir ku fito da su.

Bayan an fito

A ƙirga mutane a bakin kogo, da suna. A kira na gida tun kafin a hau babur, kada ya tara jama'a a banza. A koma a yi wa mai gari sallama, a gaya masa abin da aka gani. A kakkaɓe kaya a waje, a wanke su daban, a yi wanka da sabulu, a duba jiki ko kaska ta kama, domin akwai wata iri da ke zama a ramukan dabbobi, cizonta na kawo zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, wanda ake ɗauka na sauro ne.

Sannan ka sa ido a jikinka mako uku. In zazzaɓi, tari, ciwon kai mai tsanani ko zubar jini ya zo, kada ka tsaya sayen maganin zazzaɓin sauro a bakin hanya. Ka je asibiti, kuma tun kafin likita ya tambaya ka ce masa, "Likita, ranar kaza na shiga kogo mai jemagu," ka faɗi sunan wurin da sunayen waɗanda kuka shiga tare, don su ma a neme su a duba.